Ramin Idon Kare

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan ruwan farko, shekarar da na shiga aji uku, aka tsinci wani ƙoƙon kai a jujin bayan gidanmu a unguwar Umbadda. Fari fat, ba baki ba haƙora, sai ramukan ido biyu suna fuskantar ƙofarmu. Kakata Hajja Asabe farfesun kan rago take sayarwa, da shi muke ci muke sha, ni ce kuma mai babbaka da kankara da zubar da ƙashi a jujin nan. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa, wai kan kare ne, wai daga tukunyarta ya fito.

Mata suka yi cirko-cirko a bakin jujin, ba mai matsowa. Kaka ta fito ko mayafi babu, ta ɗauki abin da hannunta, ta sa na tono mata kan rago. Ta kama yatsana ta zagaya da shi bakin ramin idon ragon, ƙashi ne kewaye kamar zobe. Sannan ta tura shi cikin na ɗayan. Wayyo, sanyinsa! Ina zagayawa sai yatsana ya zame ta wani giɓi a gefe, ya faɗa wani kogo a baya. Na ji kamar abin ne ya ja ni. Kaka ta ce, "Kare ne, ruwa ya kawo shi. Shi ramin idonsa ba ya rufewa, jijiya ce ke tare giɓin, in ya mutu ta ruɓe. Ku tone jujin kaf, in kun ga na biyu ku tsine mini."

Ba wadda ta tona. Sai wata maƙwabciya ta ce a hankali, "Ya Hajja, ina kika san kan kare haka?" Ita kuwa Kaka a gonakin Jazira ta girma, inda karnuka ke mutuwa a bakin magudanar ruwa, amma wa ya tsaya ji? Washegari tukunya ta wuni tana tafasa, ko kwano ɗaya bai shigo ba. Kafin damina ta fita Kaka ta kife ta a bayan ɗaki.

Yau gine-gine sun cinye jujin, masu maganar ma yawanci sun riga mu gidan gaskiya. Ni dai har yanzu ina kewar ƙamshin nan, kuma abin yana ci mini rai. Da Kaka ta ce ba ta san ko kan mene ne ba, da ta mutu da sana'arta.