Layin da Ya Rage a Littafin Kawu Sule

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin Laraba, a ɗakinsa na Lugbe, ni da matarsa Inna Hajara da ƙanena Bashir muka buɗe jakar marigayi Kawu Sule. Kun san jakar, kun san littafin da ke cikinta. Duk wanda Kawu ya kai wa saƙo ko ya karɓa a wurinsa, ko gaisuwa ce, sai ya sa hannu. Tsohon masinjan ma'aikata ne, ritaya ba ta raba shi da littafin ba.

Tarihin saƙo a jere yake a bakinsa: "Farko ƙafa, sai ganga, sai wasiƙa, sai tangarahu, sai wannan abar taku. Mai ganga ma ana ganin fuskarsa!"

Da muka saya masa waya, na kira shi na ce matata ta haihu. Ya ce to. Bayan awa biyu sai ga shi a shagona na Wuse, yana gumi.

"Kawu, ba mun yi magana ba?"

"Murya na ji. Maimaita, ka sa hannu."

Sai ranar da Bashir ya tura masa saƙon murya. Kawu ya gyara hula, yana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, muryar Bashir kuwa ta wuce abinta. Kawu ya kife wayar.

"Kai! Yaron nan ya tambayi lafiyata bai tsaya jin amsa ba. Wa ya rene shi?"

Sati guda yana fushi.

To, a jakar mun sami ambulan a manne: "Malam Ɗanjuma mai buga tangarahu, Gwagwalada. Hannu da hannu." Inna ta ce aminai ne, har ranar da Ɗanjuma ya ce wa Kawu zamanin masinja ya wuce, Kawu ya ce nasa zai riga mutuwa. Shekara ashirin ba su gaisa ba. Kawu ya shigar da wasiƙar a littafi, ciwo ya kwantar da shi. Layinta kaɗai ne babu sa hannu.

Bashir ya ce mu buɗe, mu ɗauki hoto mu watsa a waya. Inna ta ce, "Kana so Kawunku ya taso daga kabari?"

Sau biyu na je Gwagwalada ban dace ba. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ya amsa tambaya da sauƙi. Wanda ya san gidan Malam Ɗanjuma, don Allah kada ya kira ni. Ya zo shago ya raka ni. Littafin yana hannuna.