Soson da Yaya Ya Cire

Shekarar da tafkin Gidimuni ya cika har ya ci lambunan bakinsa, yayana ya sayi ƙaramin jirgin alminiyom a hannun wani ɗan kasuwa Bakano. Kwance ne, ba sabo ba, ya sha aiki. Yaya masunci ne, ni kuwa kafinta ne a Birni, cikin Damagaram, don haka a ƙofar shagona kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke jirgin.

Bencinan ciki sun ruɓe, da yatsa ma sai ka huda su. Na yanko sabon katako, na goge ya yi sumul, na shafe shi da mai ciki da waje, ya bushe na sake shafawa, musamman bakin yanka, inda ruwa ke fara shiga. Sannan na bi masu sayar da firigo, wato firji, ina roƙon farin soson nan mara nauyi da ake tare kaya da shi cikin kwali. Na cusa shi dam a ƙarƙashin kowane benci, na rufe.

Da Yaya ya zo ɗauka, ya leƙa ya ce, "Wannan sharar fa?"

Na ce, "Yaya, ƙarfe ne. In ruwa ya cika shi ƙasa zai yi. Soson ne zai riƙe shi a sama."

Ya yi dariya ya tafi.

Damina na tsaka aka kira ni: iska ta taso, jirgi ya nutse. Yaya da abokin kamun kifinsa sun fito da ƙyar, rungume da bido, wato jarka. Na hau moto, babur ɗina, na nufi Gidimuni. Na iske shi a ƙofar gida, mutane sun cika tabarma suna jaje. Ban gama gaisuwa ba ya nuna ni ya ce, "Ga mai aikin nan. Shi ya huda min jirgi da ƙusoshi."

Na shige cikin gida, sai ga akwatin da yake ajiye kifi da ƙanƙara a gefen zaure, an shimfiɗe cikinsa da sosona. Har yankan wuƙata na gane. Matarsa ta sunkuyar da kai ta ce tun satin farko ya ciro shi.

Na fito na ce, "Yaya, je ka faɗa musu abin da ke cikin akwatin nan."

"Rage murya. Da wa kake magana?"

Inna ta kama hannuna. "Babba ne, ka bar shi. Allah ya tsare, shi ke nan."

Na bar shi. Amma maganar ta riga ni isa Damagaram. Har wani da ya ba ni aikin ƙofa ya zo ya kwashe katakonsa.

Da aka jawo jirgin da igiya, babu huda ko ɗaya. Inna ta sa na sake cika shi da soso, wannan karon na ɗaure murfin yadda sai an fasa bencin kafin a iya ciro soson. Yaya yana aiko min da tarwaɗa lokaci lokaci, amma har yau bai buɗe baki a gaban mutanen nan ya wanke ni ba.