Ni, Jar Mota da Riɗin Baba

Akwai wata Asabar ta kaka da ba za ta taɓa fita daga kaina ba muddin ina da rai da hankali. Ko da ma na so in manta, taubashina ba zai bari ba, don ya ɗauki ba da labarin nan kamar wata sana'a.

Ni direba ne. A lokacin na haura shekara ashirin ina jigilar fasinja tsakanin Gumel da Maigatari, wani lokaci in leƙa Gagarawa ko Sule Tankarkar idan lodi ya kai ni. Ban taɓa buge ko da kaza ba, kuma ba na bari kowa ya manta da haka. Idan gardamar tuƙi ta tashi a tasha, ni ake kira in raba. Yanzu da nake waiwaye na gane kaina ya kumbura ƙwarai a shekarun nan, amma a lokacin gani nake gaskiya kawai nake faɗa.

Taubashin nan nawa ɗan gwaggona ne, mai gyaran waya da rediyo a Gumel. Shi ya fara sayo wata 'yar mota daga Kano, irin wadda ake tuƙawa da rimot daga nesa. Ba irin ta yara da ake saya da salla ba ce. Ta kai tsawon kamu guda, tayoyinta manya masu ƙuraje, batirinta caji ake yi masa, kuma idan ta samu yashi tana gudu kamar zomon da kare ya biyo. Da fari shi kaɗai yake fita da ita bayan gari da la'asar, ya hau tudu ya gangara, ya dawo gida yana murmushi. Kafin shekara ta zagayo sai ga wani malamin makaranta ya sayi tasa, sai wani ma'aikacin asibiti, sai wani tela daga Maigatari. Suka zama ƙungiya, magidanta da gemunansu, suna haɗuwa sau ɗaya a wata su yi tsere. Wani dattijo a wajen Gagarawa ya ara musu gonar geronsa bayan girbi, suka jera tsofaffin tayoyi suka fitar da hanya, suka tara ƙasa suka yi tudu biyu.

Ni kuwa na samu abin tsokana. Duk ranar da na biya ta shagonsa sai na ce, "Yaya 'yan wasan yara? An sayo muku alawa kuwa?"

Ran nan ya ajiye abin da yake gyarawa ya dube ni. "Sarkin tuƙi, kai da kake ta baki, za ka iya zagaya filin nan sau ɗaya ba ka kife ba?"

Na yi dariya har da tafa hannu. Na ce, "Ni da nake tuƙa mota da mutum tara da buhunansu da tumakinsu, abin da bai kai takalmina ba zai gagare ni? Ka ba ni ita, in ban zo na ɗaya ba ka daina kirana direba."

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne a gaban mutane na faɗe ta. Kafin kwana biyu tasha ta ɗauka. Taubashi ya ce zai ba ni jar motarsa, wadda ya fi ji da ita, shi kuma ya haƙura da tseren wannan watan. Ya roƙe ni in zo in koya ko da kwana uku ne. Sau ɗaya na je. Ya nuna mini ɗan sitiyarin da ke gefen rimot da kunamar da ake ja da yatsa, wadda ita ce totur, in ka tura ta gaba kuma birki. Muddin motar ta ba ni baya lafiya lau muke. Da ta juyo ta fuskance ni sai dama ta koma hagu, hagu ta koma dama, na kai wa randar matarsa karo. Na ce rimot ɗin ne bai da saiti, na miƙa masa, ban sake komawa ba. Kada a ga Sarkin tuƙi yana ɗaukar darasi a hannun mai gyaran rediyo.

Ranar tsere na sa farar shadda, har da hula mai aiki. Abokan tasha mota guda suka cika suka biyo ni. Mun isa da hantsi, an riga an taru, mutanen ƙauyen sun zagaye filin. Can gefe, hayin wani ɗan burtali, na hango riɗin dattijon da aka yanke aka ɗaure dami-dami, aka jingine shi tsaye jikin wata doguwar sanda da aka gicciya a kan gwafanni, yana shan rana. Na gan shi dai kamar yadda mutum yake ganin bishiya a bakin hanya.

Motoci shida aka jera. Biyu daga ciki ja ne, tawa da ta telan Maigatari, wani siririn mutum marar yawan magana, wanda Hausarsa ke da gardin ta mutanen Damagaram. Taubashi ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ka ga farin tef ɗin da na manna a rufin taka? Shi za ka riƙa kallo."

Na ce, "Yanzu kuma motata za ka nuna mini? Matsa ka ba ni wuri."

Muka hau kan wani benci mu shida, aka busa usur. Na ja kunama har ƙarshe. Motocin suka zabura gaba ɗaya, suka cukuɗe a kwanar farko bayan tudu, ƙasa ta tashi, na ɗan lokaci ba a ganin komai. Sai ga jar mota ta fito ita kaɗai a gaba.

Jama'a, ban san lokacin da na kwarara ihu ba. Ta sha kwana ta biyu kamar an ja ta da zare. Ta hau tudu, ta tashi sama, ta dira a kan tayoyinta huɗu ba ko tangaɗi. Ina murɗa sitiyari ina karkata jiki, har hulata ta faɗi ban kula ba. Ina cewa, "Ku gani! Shekara ashirin ba wasa ba ce!" Abokan tasha suna ta tafi, don su ma ja kawai suke gani. Na lura, ba zan ɓoye ba, cewa wani lokaci motar takan sha kwana kafin in murɗa. Amma sai zuciyata ta ce ai haka mota take idan ta ji hannun gwani, tana gane nufinsa tun bai faɗa ba.

A zagaye na biyu na ji taubashi yana ƙwala mini kira. "Saki totur! Saki totur, don Allah!"

Na ce, "Hassada ce! Ka ga za a kafa tarihi da motarka ba da hannunka ba!"

Bai tsaya gardama ba, ya yi tsalle ya fizge rimot ɗin daga hannuna. Na juyo zan yi masa masifa, sai idona ya koma fili. Hannuwana biyu babu komai a cikinsu, amma jar mota ba ta fasa gudu ba. Ta sha kwana, ta hau tudu, ta dira lafiya. Telan da ke tsaye kusa da ni, ba tare da ya ɗauke ido daga filin ba, ya ce a hankali, "Shofer, yi haƙuri, wannan kamiyon tawa ce." Haka suke kiran direba da mota a can wajensu.

Na ce, "To ina tawa?"

Sai hannuwa suka nuna hayin burtali. Ashe tun a kwanar farko tawa ta tsallake tayoyi ta fice daga hanya. Duk kwanar da nake yanka a nan, ita ma tana yankawa a can cikin karan gero, tana gantali da cikakken gudu ba mai kallonta. Daga ƙarshe ta haura burtali ta daki gwafar da ta riƙe sandar riɗi. Gwafa ta kwanta, sanda ta biyo ta, damman riɗi suka zube bi da bi. Ga motar can a ƙarƙashi, farin tef ɗinta yana ƙyalli a rana.

Dariya ta ɓarke, irin wadda mutum ke riƙe ciki ya durƙusa. Amma ba ta daɗe ba, don duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ake nufi da busasshen riɗi ya faɗi a yashi. Kwansonsa ya riga ya buɗe baki, jira kawai yake a kife shi a kan tampol a kakkaɓe. Da muka isa wurin, ƙasa ta yi fari fat da ƙwaya, ta shige cikin rairayi.

Dattijon ya taho da sandarsa, bai yi sauri ba. Ya tsaya ya dubi riɗin, ya sunkuya ya damƙi ƙasa ya buɗe tafinsa yana kallo. Ya ce, "Gobe da safe na yi niyyar kakkaɓe shi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Noman damina guda ne na tsoho a kwance a ƙasa. Ga kuma 'yan ƙungiya sun yi tsuru-tsuru, don sun san kalma ɗaya zai faɗa su rasa filin da suka sha wahala a kansa.

Taubashi, duk tsokanar da ke tsakaninmu, sai ya shiga gabana. Ya ce, "Baba, a yi mana aikin gafara. Na'ura ce, wani lokaci takan ƙwace."

Ga ƙofa an buɗe mini, kuma wallahi na so in bi ta. Abokan tasha suna tsaye, gobe labari zai kai Maigatari kafin motar farko ta isa. Amma na kalli hannun tsohon nan da yashi da riɗi a ciki, sai na ji bakina ya ce, "Baba, na'ura ba ta ƙwace ba. Ni ne. Ban iya ba, aka ce in koya na ƙi. Motar wani nake kallo ina tsammanin tawa ce."

Ya ɗago ya ƙare mini kallo. "Kai ba kai ne direban da ke kai mu kasuwa ran Alhamis ba?"

"Ni ne, Baba."

"To a can ma motar wani kake kallo, mu muna ciki?"

Wannan karon har shi ya yi dariya, da 'yan haƙoransa da suka rage. Sannan ya ce, "Tsayuwa ba za ta tsince shi ba. Ku aika cikin gari a aro rariya da faifai."

Haka tsere ya tashi. Aka shimfiɗa tampol, muka ɗaga damman a hankali muka kakkaɓe abin da ya saura a cikinsu. Sannan muka durƙusa muna kwasar ƙasar sama-sama da tafin hannu, muna tankaɗewa. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti suna rariya, telan da aka hana shi cin tserensa yana ɗaure bakin buhu. Matan gidan dattijon suka karɓi sheƙa, don sun ce in aka bar mana faifai sauran ma iska za mu ba. Ɗayarsu ta dubi farar shaddata da ta koma kalar ƙasa ta ce, "Alhaji, da ka sani da ka sa ta gona." Sallar azahar da la'asar duk a nan muka yi su. Kafin rana ta faɗi mun ceto mafi yawansa, sauran kuwa ya zama rabon kurciyoyi da tururuwa.

Da za mu tafi dattijon ya ce wa 'yan ƙungiya filin yana nan, su dai matsar da kwanar farko nesa da burtali. Ya nuna ni da sanda ya ƙara da cewa, "Wannan kuma ku fara ba shi ta yara."

Ran Alhamis na je har ƙofar gidan dattijon na ɗauki buhunan riɗin da shi kansa, na zaunar da shi a gidan gaba muka tafi Maigatari. A kasuwa mai saye ya soka hannu a buhu, ya watsa 'yan ƙwayoyi a baki ya tauna, sai muka ji ƙaras. Ya yamutsa fuska ya ce, "Baba, yaya riɗinka da yashi haka?"

Tsoho ya juyo ya nuna ni. "Tambayi direba. Shi ya yi mini casa."

Bayan sati biyu na koma shagon taubashi, na zauna a benci na ce ya koya mini tun daga farko. Bai raga mini ba ko kaɗan, sai da ya sa na maimaita roƙon sau uku, wai kunnensa ya toshe. Na shiga ƙungiyar, na yi wata biyar ina zuwa na ƙarshe, kuma na ji daɗin ranar da na zo na huɗu fiye da duk ihun da na yi a kan bencin nan, don wannan na tabbata hannuna ne.

Abin da ranar ta koya mini bai da yawa, amma ya zauna. Cewa "ban iya ba, nuna mini" ba ta rage wa mutum komai, ƙin faɗinta ne ke jawo wa wanda bai ji ba bai gani ba asara. Yanzu kuma duk lokacin da na ga abu yana tafiya sumul ana yaba mini, ko a gida ko a wurin aiki, nakan ɗan dakata kafin in buɗe baki. Nakan duba ko hannun wani ne yake aikin a gefena shiru, sannan in waiwaya in ga inda tawa motar ta nufa.