Tukunyar Sekesai Ba Ta Dawo Gida Ba

“Ana gama biki zan kawo miki ita har gida, da hannuna, Sekesai. Ko ƙura ba za ta taɓa ta ba.”

Maganar Misis Garland ke nan, shugabar makarantar da kika koyar da tarihi, a watan Mayun bara. A ƙofar kicin ɗinki ta faɗa, ranar da ta zo aron tukunyarki don bikin makaranta, ina tsaye riƙe da tsohon bargon da muka naɗe tukunyar da shi. An yi biki, an watse, damina ta sauka. Ranar Laraba, sha biyu ga Fabrairu, kika yanke jiki kika faɗi a gaban allo, da alli a hannunki. Kafin yamma aka bugo mini waya daga asibiti cewa kin tafi. Ranar Asabar muka binne ki a Murewa, garin su mijinki. Tukunyar kuwa tana nan a zauren shiga makaranta, iyayen yara suna cusa jiƙaƙƙun lemominsu a cikinta.

Ba da wannan na so in fara ba, Sekesai. Na so in fara da dariyarki. Amma duk lokacin da na ɗauki biro, lemomin nan nake gani.

Ni ce sahwirarki. Uwata ce sahwirar uwarki, mu kuma muka gada: abokiyar wasan da aka yarje wa ta zage ki kina raye, ta wanke ki ranar da kika mutu, ta faɗi a gaban jama'a abin da dangi ba sa iya faɗa. Ke kika fara yi mini aikin. Ranar da aka binne mijina ina zaune a ƙasa, sai ga ki kin fito daga ɗakinsa da hularsa da kwat ɗinsa, kin turo ciki gaba, kina bin ɗakuna kina kashe fitilu. “Wa ya bar wannan a kunne? Ubanku ne ke da kamfanin lantarki?” Mutane suka dinga faɗuwa kan juna. Na yi dariya har ta juye kuka, kukan da ya ƙi fita tun safe. Da kowa ya watse kika zauna kusa da ni kina ba ni tuwon masara a baki kamar yarinya.

“Hazvinei, ki daure ki riga ni mutuwa,” kika ce. “Na tanadi abubuwa a kanki, kada su lalace.”

Na ce, “Chihera, irinku ba sa mutuwa da wuri. Taurin kai ba ya barin ku.”

Chihera, kirarin matan zuriyarku. Ban taɓa kiran ki da shi kin ƙi ɗaga kai ba, sai ranar da na kira ki a ɗakin ajiye gawa.

Lokacin da kika shiga makarantar nan, baƙaƙen malamai ba su cika teburi ɗaya ba a ɗakin shan shayi. Yanzu yawancin ɗalibai namu ne, amma hotunan da ke jikin bango ba su canza ba. A tsakiyar zafin Disamba yara suna rera waƙar ƙanƙara. Suna rawar tsaunukan ƙasar da ba su taɓa takawa ba, cikin siket mai zane-zane. Ba wanda ya taɓa kiran wannan siyasa. Sunansa al'adar makaranta. Ranar da kika tsaya a aji kika ce kakanninmu ne suka jera duwatsun ganuwar Masvingo, ba wasu baƙi daga bakin teku ba, ranar aka gano akwai siyasa a makaranta, aka kuma gano ke kika shigo da ita.

Wani Bature malamin lissafi, haifaffen Harare, da furfurarsa, ya tare ki yana murmushi.

“Ke kullum Afirka, Afirka. Ba dukkanmu 'yan ƙasa ɗaya ba ne?”

“Ƙwarai kuwa, ɗan ƙasa,” kika ce. “Gaishe ni da harshenmu na Shona.”

Ya yi ja har kunne. Shonar da ya iya ta ba mai lambu umarni ce. Da kike ba ni labari kika ce saura kaɗan ya ce miki “kawo ruwa”. Muka yi dariya a kan tabarmarki, amma na ga yadda kike murza yatsunki. Tun daga ranar sunanki a ɗakin shayi ya zama mai ɗacin rai.

Mai ɗacin rai! Ke da kike ajiye mataji da man kitso a aljihun teburinki, saboda 'yan matan kwana da ake rubuta wa laifin “rashin tsafta” don gashinsu ya tsiro yadda Allah ya halicce shi. Ranar Lahadi bayan coci kina zaune a barandar ɗakin kwanansu, kai bayan kai yana wucewa tsakanin gwiwoyinki. In yarinya ta yi ƙoƙari a jarrabawa ba tauraro kike manna mata ba. Tafi kike yi mata, ki gode mata da kirarin zuriyarta. Wasu daga bakinki suka fara jin nasu. A wurin makoki wata likita ta durƙusa gabana, ta ce har ta kai aji uku tana jin kunyar sunanta na gida, sai da kika kira shi cikakke, a hankali, kamar kina ɗanɗana shi.

Akwai kuma Megan, yarinyar nan Baturiya, da ta ɗaga hannu wata rana.

“Malama, ni fa? Mene ne nawa kirarin?”

“Je ki tambayi kakarki, 'yata. Ki tambaye ta sunan uwarta, da garinsu, da abin da suke ci in an shiga yunwa.”

Ta dawo bayan hutu da labarin wani ƙauyen masunta, da matan da ke gyaran kifi a cikin sanyi har hannuwansu su tsage. Kika tsayar da ita gaban aji, kika sa aka yi mata tafi irin namu. Mako bai cika ba ubanta ya zo ofis yana huci, wai kina koya wa 'yarsa jin kunyar launin fatarta. Kika ce, “Yallaɓai, sunan kakarka na tambaye ta. In akwai abin kunya a ciki, ban sani ba.” Aka ba ki takardar gargaɗi.

Na daɗe ina karanta littattafan Turawa, Sekesai, aikina ke nan a ɗakin karatu, kuma na daɗe ina kallon waɗanda kika yi aiki da su. In muka ce muna son kanmu, abin da kunnensu ke ji shi ne mun ce mun tsane su. In sun tabbata ba cizo za mu yi ba, sai su ce kai, abin sha'awa, a sa shi a tsarin biki. Rana ɗaya a shekara, ranar Afirka, ana neman ki ruwa a jallo: ki kawo ganguna, ki kawo atamfa, ki kawo wani abu “na asali”. Shi ya sa Misis Garland ta zo har kicin ɗinki.

Na ce kada ki bayar. Kakarki ce ta gina tukunyar nan da yumɓun rafin Gutu, uwarki ta ɗauro miki ita ranar da aka kai ki ɗakin miji. Kika ce, “Bari yaran su taɓa ta, Hazvinei. Su ji shatin yatsun tsohuwa a wuyanta, su san tarihi ba a London kaɗai ake ajiye shi ba.” Bayan biki kin tambaya. Aka ce ta fi samun tsaro a makaranta. Kin sake tambaya. Aka ce baƙi suna yaba ta. A ƙarshe Misis Garland ta dafa kafaɗarki ta ce, “Ai yanzu ta zama tamu duka.” Kika dawo gida kika zauna ba ki cire takalmi ba.

Misis Garland ta zo jana'iza, ba zan hana ta wannan ba. Ta kawo furanni, ta yi kuka na gaske. Aka ba ta dama ta yi magana, ta ce babban abin da za ta tuna da ke shi ne ba ki ganin launin fata. Ke! Ke da kika wayi gari da shi, kika kwana da shi, kika koya wa yara su ɗauke shi ba tare da sunkuyar da kai ba. Kina kwance a gabanta ba ki da bakin musu, ta share ki tas, tana ganin yabo ne.

Na tashi na yi aikina. Na sa rigarki mai ruwan ƙasa da tabaranki, na riƙe alli, na yi tafiyarki, na tsawata wa limamin coci don ya zo a makare. Jama'a suka yi dariya suna share hawaye. Ni kuwa ƙamshinki ne a wuyan rigar, ban san yadda na kai ƙarshe ba.

Washegari aka shimfiɗa kayanki a tabarmi don a raba. Kowa ya sani, tukwanen mace ba na mijinta ba ne, ba na 'ya'yanta ba ne. Gidan da ta fito suke komawa, kuma ba a barin ko ɗaya a hannun bare. Mahaifiyarki, Mbuya Raviro, ta bi kayan da ido, ta sake bi.

“Ina tukunyar uwata?”

Ta ja gefen zanenta ta rufe ƙafafunta, ta ce a naɗe tabarmi. Ko cokali ba a raba ba. Har yau tana zaune a gidan surukai a Murewa, ciyawa tana cin gonarta a Gutu, ta ce ba za ta tafi ta bar rabin 'yarta a hannun mutane ba. 'Yarki Ruvarashe ba ta barci. Ta yi digiri biyu, amma ta san abin da ake faɗa a kan 'ya'yan da aka riƙe kayan uwarsu, cewa masifa kan bi su, kuma ba ni da bakin ce mata ƙarya ne.

Na je makaranta da kaina. Misis Garland ta riƙe hannuwana biyu, ta ce sun yanke shawarar ajiye tukunyar don tunawa da ke, za a manna ɗan allon ƙarfe mai sunanki. Na yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce ta fahimta, al'ada ce kyakkyawa, za ta kai maganar gaban kwamiti a zango mai zuwa. Sannan ta ce abin da na yi a jana'iza ya burge ta ƙwarai, yadda muke da fara'a ko a gaban mutuwa, ko zan zo in maimaita wa yara?

Sekesai, Allah ya jiƙan ki. Allah ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutun da ba ki samu a nan ba, ya saka miki da alheri a kan kowane kai da kika kitsa da kowane suna da kika kira daidai. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mbuya Raviro, wadda ta binne wadda ya kamata ta binne ta. Ga mijinki, Baban Ruvarashe. Ga Ruvarashe da ƙannenta. Ga dangi na Gutu da na Murewa. Da ɗalibanki, har da Megan, wadda ta zauna a ƙasa cikin mata tun daga farko har ƙarshe. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Ni dai har yanzu bai iso gare ni ba.

Misis Garland, saura ke. Kina da daga yau zuwa Juma'a, ƙarshen watan nan. Ki fitar da lemomin, ki wanke tukunyar da ruwa zalla, ki kai ta Murewa, ki durƙusa ki ajiye ta gaban tsohuwa. In Juma'a ta wuce, na karɓi gayyatarki. Ranar Litinin zan zo taron safe cikin rigar Sekesai da tabaranta, in tsaya gaban yara da muryarta, in ba su darasin da ba ta ƙarasa ba, da sunaye. Sahwira ba a hana ta magana, tambayi kowace yarinya a makarantarki. In na gama zan ɗora tukunyar a kaina in fita ta babbar ƙofa. Kina iya kiran 'yan sanda. Su ma uwa ce ta haife su.