Kwalin da na tsinto a bola

Shekararmu ta biyu a unguwar Balsall Heath, can ƙasar Turawa, ina goyon 'yata ta fari, kuma komai tsoro yake ba ni. Ko wasiƙa aka jefo ta ƙofa sai gabana ya faɗi, don karatuna bai wuce firamare da allo ba.

Wata Talata na sauka zubar da shara, na tarar da kwali a gefen bola cike da takardu, duk rubutun Larabci, yayyafi yana jiƙa su. Mu a gidanmu, ko guntuwar takarda mai baƙin Larabci ka gani a ƙasa, ɗauka kake yi ka soka a katanga. Na kinkimo kwalin, na shanya takardun, na ɗora saman sif.

Maigidana yana ɗan jin Larabci. Da ya sauko da su ya duba, sai ga hotunan samari da bindigogi.

"Ke, kin san me kika kwaso mana? Takardun jam'iyya ne, na lokacin yaƙi."

Shi dariya ya yi ya tafi aiki. Ni kuwa ranar ce ma'aikaciyar lafiya za ta zo auna jaririya da azahar. Har na hango a raina ta gan su, ta kira 'yan sanda, hukumar council ta ɗauke mini 'ya. Mayar da su bola kuma hannuna ya ƙi.

Balarabe ɗaya ne a gininmu, wani tsoho ɗan Lebanon a flat ɗin ƙasa. Na goya yarinya, na ɗauki kwalin, na ƙwanƙwasa masa. Da gurgun Turancina da nasa muka yi magana.

"Baba, naka ne?"

"'Yata, na zubar, kin dawo mini da su! Shekara nawa ina neman rabuwa da mutanen nan."

Ya ce Manchester za su koma shi da matarsa wajen 'yarsu, ta ce babu wurin tarkace. Tun yana ɗalibi ya shiga jam'iyyar, masu son ƙasashen Larabawa su zama ƙasa guda. Shi ne mai buga musu takardu. Da yaƙin basasa ya yi tsanani sai jam'iyyar ta tsage biyu, tuta ɗaya, waƙa ɗaya, kowa na cewa shi ne na asali. Ƙaninsa yana ɗaya ɓangaren.

"Da safe in buga takarda in zage su, da rana mu haɗu gidan tsohuwarmu cin abinci. Shi ke cinye naman ma, maci amana."

Na ce, "Amma Baba, akwai sunan Allah a ciki."

Ya sa tabarau ya duba. Yawanci siyasa ce zalla. Sanarwar rasuwar samarin ce kaɗai ke da aya a sama. Matarsa ta kawo shayi da almakashi biyu. Shi yana ware su yana faɗin wannan direba ne, wannan mai gasa burodi, ni ina yanke ayoyin. Ya daɗe riƙe da guda ɗaya, sannan ya ninke ta ya sa a aljihu.

Ayoyin muka binne a tukunyar shukar na'a-na'arsu, ya ce in hau da ita, ba za ta shiga mota ba. Sauran ya mayar bola da kansa.

Da azahar ma'aikaciyar lafiyar ta zo, ta ɗora yarinya a sikeli, ta ce ta ƙara nauyi. Ko saman sif ba ta kalla ba. Shayi na dafa mata, ta sha kofi biyu.