Injin da Mai Alli Ya Zaɓa

Mai Alli muke kiransa, don ba ka taɓa ganinsa babu guntun alli a bayan kunne. Shekara goma sha tara muka yi muna aiki tare, muna shimfiɗa intalok a harabar gidaje, muna jera bulon gefen titi. Ni nake jerawa, shi yake yanka. Duk inda layi ya zo kwana ko ya ci karo da bakin kwata, sai ya tsuguna ya auna, ya ja alli, ya ɗauki giranda. In ya yanka bulo ya zaunar, ko takarda ba ta shiga tsakani. Ni kuwa Sarkin Sauri yake ce mini, wai ina jera bulo kamar wanda aka biyo.

A bushe yake yanka, kamar kowa. Ƙurar siminti ta tashi ta lulluɓe shi, in ya fito har gashin idonsa ya yi furfura. Maganinmu ɗaya ne, wanda muka gada wurin iyayen gidanmu: in an tashi aiki a sha madara gwangwani guda, wai tana wanke ƙirji. Mun yarda da wannan har zuciya. Ranar da na manta, shi yake sayo mini.

Tari ya fara masa bara, busasshe, mara ƙarewa. Ranar da ya ɗaga bulon gefen titi ya ajiye, ya dafa gwiwa yana neman numfashi, matarsa ta ce ba ta ƙara jin maganar madara. Ta kai shi asibiti. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya ce madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu, kuma wadda ta shiga ba ta fita. Abin da ya rage kada a ƙara mata.

Washegari ya ce in raka shi shagon kayan aiki. Sau uku muka tsaya a hanya ya huta.

Mai shago ya san mu. Ya ɗauko sabon faifan giranda mai tsage-tsage a baki. "Wannan kankare yake ci kamar burodi."

"Ya ci kankare, ya ci mai yankan," in ji Mai Alli. "Nuna mini wanda ba ya ƙura."

Ya nuna mana injin datsa na hannu, wanda ake danna masa dogon ƙarfe bulo ya rabe biyu. Mai Alli ya gwada a kan intalok, ya shafa bakin da yatsa.

"Ba ƙura, amma dubi bakin, kamar ɓera ya gaigaya. Kuma bulon gefen titi ba zai shiga nan ba."

"To guduma da cizal."

"Da wane ƙirjin, maigida?"

Daga can ƙuryar shago aka jawo wani inji mai nauyi, da siririn tiyo da ke zuba ruwa a kan faifai yana juyawa. Aka tayar. Maimakon ƙura sai farin taɓo yake gangarowa. Mai Alli ya kai hancinsa kusa, ya shaƙa a hankali, ya jira. Ni ma na jira. Bai yi tari ba.

"Nannaɗe mana shi."

Wata huɗu ya yi aiki da shi. Gaskiya na yi ta mita. Ga ɗibar ruwa a jarka, ga taɓo da masu gida suke ƙorafi a kai, aikin kwana biyu ya koma uku. Wata rana ya shiga inuwa ya huta, na faki idonsa na ɗauko tsohuwar giranda don in gama bulo shida. Ban ji zuwansa ba. Ya zare wayar daga soket, ya sa filaya ya datse ta.

"Sarkin Sauri, ina kake saurin zuwa? Inda za ni?"

Ya jefar da guntun wayar, ya ci gaba:

"Shekara goma sha tara kana tsugune a bayana, duk abin da na shaƙa ka samu rabonka. Ka je a ɗauki hoton naka."

Na ce sai mun gama wannan aikin. Da muka gama na ce sai na gaba. Tsoro nake ji, ya kuma sani.

Ya rasu ranar wata Talata da hantsi, matarsa tana riƙe da hannunsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ban taɓa samun aboki kamarsa ba, ba na kuma sa rai.

Bayan mako biyu matarsa ta aiko a kira ni. Injin yana tsakar gida, an wanke shi tas. Ta ce, "Baban yara ya ce naka ne, amma sai ka karanta murfin." Da alli ya rubuta: "Hoto tukuna."

Na je asibiti shekaranjiya, da tarin da na yi sati uku ina ɓoye wa iyalina. Sun ce in koma ranar Alhamis in ji sakamako. Yau da safe na cika jarka, na buɗe tiyo, na yanka bulo goma sha ɗaya a hankali. Na rufe rubutunsa da leda don kada ruwa ya taɓa shi.