Saniyar Kawuna a Filin Golf

Shekarun baya can, lokacin babban farin nan na farkon shekarun saba'in, ina aikin kula da ciyawa a wani filin golf da ke tsakanin Sabon Gari da Samaru. Ga wanda bai taɓa gani ba, fili ne dogo, maɗaci da darbejiya sun jeru dama da hagu, manyan mutane suna ta bin wata 'yar farar ƙwallo da sanda har su jefa ta rami. Kewayen ramukan yashi ne da ake kwaɓawa da baƙin mai. Rami ɗaya tak aka shuka wa ciyawa, ni ke ba ta ruwa, ni ke aske ta da inji. Yadda nake ji da ita, kai ka ce gadon gidanmu ce.

Ana nan sai ga kawuna a ƙofar ɗakina a unguwar Muciya. Daga ƙauyenmu can arewa ya tako a ƙasa, yana jaye da saniyar da ta rage masa cikin garkensa duka. Haƙarƙarinta duk a waje. Dusa ta gagara samu, karan dawa ma kowa ya killace nasa.

Ya ce, "Ɗan nan, an ce kai ke da ɗanyar ciyawa a garin nan."

Na ce, "Kawu, ba tawa ba ce. In aka gan mu aikina ya tafi."

Sai ya shiga shafa wuyan saniyar. Washegari da tsakar rana, lokacin da babu mai wasa, na shigar da su ta bayan itatuwa.

Tana hango kore ta fizge igiya. Sai dai ita saniya da harshe take naɗo ciyawa kafin ta tsinka, tawa kuwa na aske ta, ko tsawon farce ba ta kai ba. Ta lasa, ta matsa gaba, ta sake lasa, yawu na zuba. Kawu ya durƙusa yana tsintsinko mata da yatsu, bai tara ko cikin tafin hannu ba.

Ya ce, "Wa ake shuka wa wannan?"

Na ce, "Don ƙwallo ta riƙa gangarawa sumul ne, Kawu."

Ya kalle ni, ya ce Allah ya kyauta.

Na ajiye inji ko ciyawar za ta ɗan yi tsawo, amma saniyar ba ta jira ba. Da ta kasa tashi aka kira mahauci. Kawu ya naɗe igiyarsa ya nufi tasha, kuma bai sake kiwo ba har ya rasu.

Na so a ce na koyi wani abu da zan gaya muku, amma baƙin ciki kawai na samu. Har yau in na ga shimfiɗaɗɗiyar ciyawa mai kyau, sai in kawar da kai. Ni da hannuna na kai dabba mai yunwa tsakiyar ɗanyar ciyawa, ta fito da cikinta wayam.